Labulen Katakon Mak Cik Zaiton

A watan Yulin 2021 gwaji ya nuna Nata'ala ya kamu da korona. Asibitocin Kuala Lumpur a cike suke a lokacin, don haka aka ɗaura masa wani abin hannu ruwan hoda, alamar mai cutar, aka ce ya koma gida ya killace kansa, in numfashi ya gagara ya kira motar asibiti. Ya dawo gidansu na haya a unguwar Pantai Dalam, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya ce wa matarsa Khaulah ta janye yarinya daga hanya zai wuce.

Gidan ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya. Ɗaki guda nasu ne, shi Nata'ala ya shige ya rufe. Ɗayan cike yake da kayan mai gidan, Mak Cik Zaiton, wato Inna Zaiton da yaren Malay, wata tsohuwa da ta koma unguwar Kampung Baru wurin ɗanta bayan rasuwar mijinta. Ta bar wa Khaulah makullin ɗakin don ta riƙa buɗe taga saboda danshi, ta kuma gargaɗe ta kada ta taɓa komai a ciki. Sai Khaulah ta shimfiɗa katifa a falo, ita da 'yarsu Hadiyya.

Matsalar banɗakin ce. Daga ƙofar ɗakin zuwa can sai an bi ta gefen falo, Hadiyya kuwa shekararta huɗu, tana da asma, kuma ba ta san wani abu killacewa ba. Da ta ji ƙarar ƙofa sai ta watsar da abin wasanta ta kwasa a guje tana kiran Abba. A rana ta biyu da ƙyar Khaulah ta cafko bayan rigarta, saura ƙiris ta rungume ƙafafunsa. Ta kai mata duka a baya, yarinyar ta fashe da kuka, Nata'ala ya tsaya dafe da bango yana kallonsu ta saman takunkumi.

A ranar ne ta tuna da abin da ke jingine bayan akwatuna a ɗakin Mak Cik, an lulluɓe shi da tsohon bargo. Ta buɗe ɗakin ta jawo shi, yana ta kartar ƙasa don nauyi. Labule ne na katako, kamar ƙyauren ƙofa huɗu da aka haɗa da ƙarfe, ana naɗe shi ana warewa, tsayinsa ya ɗara nata. Katakon baƙi-baƙi ne mai ja a ciki. An sassaƙa masa tsuntsaye masu dogon wuya kamar zalɓe, wasu a tsaye cikin ruwa, wasu sun buɗe fiffike, ga rassan wata bishiya da suka ratsa ƙyamaren duka huɗu. A sama an huda katakon tsakanin ganyaye har haske yana wucewa. Khaulah ba ta tsaya kallon kyansa ba. Ta tsayar da shi daga ƙofar ɗaki zuwa ta banɗaki, ta tokare shi da kujeru biyu, ya zama lungu.

Dabarar ta yi aiki. Hadiyya ta daina gudu, ta koma manna kunne a jikin katakon tana cewa, "Abba, are you there?" Shi kuma ya ƙwanƙwasa mata daga ciki.

Amma jikin Nata'ala ya yi laushi, in zai wuce sai ya dafa labulen. Khaulah tana jin katakon yana motsi, tana kuma tuna duk abin da ta karanta a waya game da yadda cutar ke zama a jikin abubuwa. Don haka duk wucewar da zai yi, sai ta sa takunkumi biyu da safar hannu, ta zagaya lungun da kwalbar feshi mai ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta, ta feshe bayan katakon daga sama har ƙasa, ta goge da tsumma. Ba ta taɓa kunna fitilar lungun ba, sauri take ta fito.

Ba ta gaya wa Mak Cik cewa akwai mara lafiya a gidan ba. A zauren WhatsApp na matan 'yan Najeriya an ba da labarin wani mai gida da ya ƙi sabunta wa baƙi haya don sun kamu. Ko gaskiya ne ko ƙarya ba ta sani ba, amma hayarsu ta kusa ƙarewa, Nata'ala bai gama rubutun digirinsa ba, kuma a wannan kullen na korona ba inda za su nufa da yarinya mai asma.

Ana cikin haka, wata safiya wayarta ta yi ƙara. Mak Cik ce. Suka gaisa da Turanci haɗe da ɗan Malay ɗin da Khaulah ta iya. Tsohuwar ta ce kullen ya durƙusar da shagon abincin ɗanta Faizal, ga ma'aikatansa a zaune, ita kuma ba ta da abin da za ta taimaka masa da shi sai kayan marigayi.

"Akwai wani labulen katako bayan akwatuna," in ji ta. "Daga Japan mijina Pak Cik ya kawo shi lokacin da ya je karatu. Tun a lokacin tsoho ne. Na samu wani mai sayen kayan da, Mista Teoh, zai yi masa kuɗi. Ba zai iya zuwa ba saboda kulle, ta bidiyo zai duba. Gobe da hantsi ki fito da shi falo inda akwai haske, mijinki ya kama miki. Boleh? Zai yiwu?"

"Boleh, Mak Cik," in ji Khaulah.

Tana ajiye wayar ta zagaya lungun ta kunna fitila. Bayan katakon ya yi fari-fari kamar an watsa masa koko ya bushe. Inda ruwan ya gangara ya bar layi-layi har ƙasa, inda ta fi gogewa kuwa, daidai wurin da Nata'ala ke dafawa, launin ya tashi gaba ɗaya. Ta koma ta gaba ta duba. Nan da sauƙi, sai ɗigo kaɗan da suka biyo ta hudojin sama suka sauka a kan fiffiken tsuntsu ɗaya.

Ta kira Hureira, matar wani malamin jami'a da ke hawa na sama, wadda ke ajiye musu abinci a bakin ƙofa tun da aka killace su.

"Maman Rayyan, na shiga uku," ta ce, ta kwashe labarin ta gaya mata.

"Ke, kwantar da hankalinki," in ji Hureira. "Katako ne fa. Ki samu man zaitun ki shafa, zai yi baƙi ya yi sheƙi. A video call wa zai gane? Ki nuna musu gaba kawai, ki ce network ne ba kyau. In an zo ɗauka ki ce haka kika gan shi, danshi ne. Shekara nawa yana jingine a ɗakin nan?"

Khaulah ta ɗebo man a cokali ta gwada a kan ɗigon da ke fiffiken. Nan take farin ya ɓace. Ta shafa a gefe guda na bayan, can ma ya lafa, sai dai wurin ya fi sauran ƙyalli. Ta tsaya da tsumman a hannu tana kallon faɗin abin da ya rage. Sai ta ji tarin Nata'ala daga ɗaki, irin mai tsawon nan da ba ya son tsayawa. Ta ajiye man ta matsa jikin ƙofa.

"Abban Hadiyya, ka auna?"

Akwai wata 'yar na'ura da yake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke jininsa. Ya duba ta, ya ce, "Ta ɗan sauka. Amma ba ta kai inda suka ce a kira su ba. Wa ya bugo ɗazu?"

"Mak Cik ce. Gaisuwa."

Ba ta iya ɗora masa wannan a kan abin da yake ciki ba. Ranar nan ta ƙona shinkafa, ta yi wa Hadiyya tsawa ba dalili, ta yi sallar la'asar ba ta san raka'a nawa ta yi ba. Sai lissafi take: in tsohuwar ta ce su biya, da me? In ta ce su tashi, ina?

Washegari ta kunna wa Hadiyya katun a kwamfutar babanta, ta zaunar da ita a kicin. Sannan ta je jikin ƙofar ɗakin ta ce, "Zan yi waya da Mak Cik a falo. Don Allah ka daure kada ka fito. In da hali, kada ka yi tari."

Daga ciki ya ce, "To." Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

Kiran ya shigo, fuska biyu a allon wayar. Mak Cik da farin mayafi, ta kawo fuskarta daf da kyamara. Mista Teoh kuwa dattijo ne mai furfura da tabarau a kan hanci, bayansa tarin agoguna da tangaran a shagonsa da ke rufe. Ya ce wa Khaulah yau ita ce idonsa da hannunsa, ta yi haƙuri da yawan aike.

Ya sa ta ja da baya ya ga labulen duka. Mak Cik ta ce, "Allah, na manta kyansa," ta share ido da bakin mayafi. Sai ya sa Khaulah ta matso kan tsuntsu na farko, ta bi gashin fiffiken a hankali.

"Kin gani? Babu gashi biyu da suka zo daidai. Inji ba ya haka, inji maimaitawa yake. Sa yatsanki a ƙarƙashin reshen nan, inda ido ba ya kaiwa. Sumul yake ko da kaushi?"

"Da kaushi. Kamar tsaga-tsaga."

"Bakin ƙarfen sassaƙa ne. Madalla."

Ya duba ƙarafan da suka haɗa ƙyamaren, ya ce na tagulla ne kuma na asali, in ban da guda ɗaya da wani ya canja. Mak Cik ta yi dariya ta ce aikin Pak Cik ne. Ya sa Khaulah ta nemi ƙananan ramukan ƙwaro a ƙafafun, ba ta samu ba. Khaulah ta fara jin numfashinta yana daidaita. Sai ya ce, "Yanzu sunsuna min katakon. Wane ƙamshi kike ji?"

Ta sauke takunkumi ta kai hanci. Ba ta ji komai ba. Ta sake ja da ƙarfi. Babu. Da haka Nata'ala ya fara, ranar da ya ce miya ba ta da ƙamshi. Ta waiga kicin inda Hadiyya ke dariyar katun. In ita ma ta kamu, wa zai riƙe yarinyar?

"Madam? Gwada cikin maɗaurin, inda ƙyaure biyu suka haɗu. Iska ba ta shiga can."

Ta cusa hanci a tsagar. Wani ƙamshi mai sanyi ya daki hancinta, irin na akwatin kayan kakarta a Fagge.

"Kafur!" ta ce da ƙarfi. "Ƙamshin kafur!"

"Itacen kafur ne, shi ya sa ƙwaro bai ci ba," in ji shi, yana murmushin yadda ta yi ihu. "Saura baya. Gaba don mai saye ake yi, amma baya ne ke faɗin shekaru. In an yi sa'a ma akwai sunan masassaƙin."

"Akwai!" in ji Mak Cik. "Jan rubutu a ƙasa, a ƙyaure na ƙarshe. Pak Cik yana nuna wa baƙi."

Khaulah ta tsaya. Maganar Hureira ta faɗo mata, yatsanta yana kusa da inda ake kashe kira. Sai dai ta san ko ta kashe, gobe za a sake kira, jibi kuma a zo ɗauka. Ta mayar da takunkuminta, ta ƙara na biyu a kai, ta zagaya lungun ta kunna fitila, ta ɗaga wayar.

Mista Teoh ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Me ya same shi?" in ji Mak Cik. "Khaulah, mene ne wannan?"

"Sauka ƙasa tukuna," in ji Mista Teoh a hankali.

Ta durƙusa a gindin ƙyaure na ƙarshe, inda ruwan bilic ke taruwa kullum. Jan rubutun ya wanke. Sai ɗan burbushin ja kamar an goge lalle.

Daidai nan tarin ya ƙwace wa Nata'ala. Ƙofarsa tana bayanta, ba yadda za a yi a ce ba a ji ba. Ya yi ta yi, yana ƙoƙarin danne shi da matashi, abin yana ƙara tsananta. Khaulah ta juyo da kyamarar kan fuskarta.

"Mak Cik, mijina ne. Korona ce, an killace shi a gida. Yarinyata tana da asma, tana ta gudu wurinsa. Ni na fito da labulen tun kafin ki kira, ni na yi ta fesa masa bilic. Ban san zai yi haka ba. Ban duba ba."

Mista Teoh ya ci gaba kamar bai ji komai ba. Ya ce ta kashe fitilar lungun. In da wata fitilar hannu, ta kwantar da ita a jikin katakon, hasken ya bi ta gefe. Ta ɗauko 'yar tocilan daga kicin ta yi yadda ya ce. Da hasken ya kwanta, sai ga siraran layuka sun fito a inda jan yake, kamar zanen farce.

"Tsaya nan. Kada ki motsa." Ya matso har goshinsa ya cika allon. "Masassaƙin ya tsaga da wuƙa kafin ya zuba ja. Haruffa biyu na sama ina iya karantawa, na ƙasan sun cinye. Sunan shago ne, ba na mutum ɗaya ba. Irin waɗanda suke yi don sayar wa baƙi a garuruwan bakin teku, kafin yaƙin duniya na biyu a ganina."

Sannan ya yi wa Mak Cik bayani ba tare da kwana-kwana ba. Aikin hannu ne na gaske, mai kyau, ba na gidan tarihi ba amma akwai masu nemansa. Da bayan yana yadda yake, da jan rubutun, da ya faɗi kuɗinsa yanzu kuma da ta ji daɗi. A yadda yake, daraja ta ragu sosai, domin masu saye tsohon launin suke biya, shi kuwa ba a mayar da shi. Mai gyara zai iya rufe farin, amma duk wanda ya san kaya zai gane. Ba zai faɗi adadi ba sai ya taɓa da hannunsa.

"Kuma wancan wurin mai ƙyalli, mai aka shafa?"

"Man zaitun," in ji Khaulah, murya ƙasa-ƙasa.

"Kada a ƙara. Kada a sa masa komai, ko ruwa." Ya yi musu fatan lafiya ya sauka daga kiran.

Suka rage su biyu. Khaulah tana durƙushe a lungun, gumi yana bin bayanta.

"Me ya hana ki tambaye ni?" in ji Mak Cik.

"Tsoro na ji."

Tsohuwar ta kalli wani wuri a gefen wayarta. "Da kin tambaya ma da na ce a'a," ta ce. "Na san halina. Da na ce ki rataya zanin gado." Ta ja numfashi. "Raina ya ɓaci, Khaulah. Ba zan ce miki bai ɓaci ba. Abin da ya rage min na Pak Cik ba shi da yawa, kuma na riga na sa wa Faizal rai."

"Ki yafe min, Mak Cik. In ya warke za mu…"

"Bar wannan yanzu. Yana cin abinci?"

"Kaɗan."

"Ki bar labulen inda yake har a cire masa abin hannun. Ki lulluɓa masa zani ta baya, ki riƙa wanke zanin. Ki tashi daga wurin nan haka, kin daɗe a ciki." Ta kashe ba sallama.

Khaulah ta fito ta wanke hannu har gwiwa. Daga ɗaki Nata'ala ya kira ta da dasasshiyar murya, ya ce duk ya ji. Ta jira faɗa. Sai ya ce, "Da kin gaya min jiya, da mun raba tsoron." Ta zauna a ƙasa ta jingina da kujera ta yi kukan da ta kwana biyu tana riƙewa, a hankali don kada Hadiyya ta ji.

Kwanakin da suka biyo baya ba su zo da sauƙi ba. Zazzaɓin Nata'ala ya tashi ya sauka ya sake tashi, akwai yammacin da ta haɗa masa jaka ta ajiye a bakin ƙofa tana jiran ya ce a kira mota. Mak Cik ba ta sake bugowa ba. Khaulah ta tura mata gaisuwa sau biyu, alamar an karanta ta fito, amsa ba ta zo ba. Kowace ƙarar waya sai ta yi zaton sanarwar tashi ce.

A hankali tarin ya lafa. Aka yanke abin hannun, aka gwada ita da Hadiyya ba su da komai. Da aka ɗan sassauta kulle, Faizal ya zo da ƙaramar motar ɗaukar kaya ta shagonsa. Mutum ne mai ƙiba, mara yawan magana. Ya duba bayan labulen, ya shafa da tafin hannu. Ya ce mahaifiyarsa tana gaishe su, ta ce maganar haya in wata ya ƙare za ta kira Nata'ala su sabunta. Game da labulen kuma har yanzu ba ta yanke shawara ba, wata rana ta ce a kai wa Mista Teoh, wata rana ta ce a kawo mata ɗakinta.

Suka naɗe shi cikin bargonsa. Lif ɗin ginin ya yi masa kaɗan, dole sai ta matakala. Faizal ya kama gaba, Nata'ala ya kama baya, amma hawa ɗaya suka sauka ya tsaya yana haki, ya jingina da bango, fuskarsa ta yi fari.

"Kawo," in ji Khaulah. "Riƙe Hadiyya."

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta karɓi gefensa. Nauyin ya fi yadda ta tuna. A kowace kwana Faizal yana cewa a hankali, a hankali, ita kuma tana kare kusurwar katakon da kafaɗarta kada ya daki bango. Da suka kai ƙasa hannayenta sun yi ja. Suka kwantar da shi a bayan motar, Faizal ya ɗaure da igiya, ya ɗaga musu hannu ya ja.

Nata'ala ya iso a lif da yarinyar, ya tarar motar ta riga ta fita daga ƙofar ginin. Rabonsa da waje tun ranar gwaji. Ya ce su ɗan zauna a kan dakalin nan ya sha iska kafin su koma sama, suka zauna.